Amfani da Waƙa da Wasa Wajen Koyar da Ƙananan Yara Turanci

Gabatarwa

Duk wanda ya saba wucewa ta bayan makarantar firamare da hantsi ba ya rasa jin muryoyin yara suna rera waƙa da Turanci, malami yana bayarwa suna amsawa, suna tafi. Sau da yawa waƙar takan fita sumul, har mai wucewa ya ce a ransa lalle yaran nan sun kama Turanci. Amma da zai shiga ajin ya tsai da yaro guda, ya ɗauko kalma ɗaya daga cikin waƙar ya tambaye shi ma'anarta, mai yiwuwa ne yaron ya sunkuyar da kai ya yi shiru. Wannan yana nuna ƙarfin waƙa, tun da ta iya sa yaro ɗan shekara shida ya riƙe jimloli masu tsawo na harshen da ba a yi da shi a gidansu. Yana kuma nuna raunin yadda ake aiki da ita, tun da abin da ya riƙe bai amfane shi da kome ba. Manufar wannan lacca ita ce a bayyana dalilin da ya sa waƙa take da wannan ƙarfi, da wuraren da take taimakon ɗan Bahaushe a Turanci, da hanyar da malami zai bi don abin da yaro ya rera ya zama abin da zai iya faɗi.

Matsayin Turanci a Makarantun Nijeriya

Sa'ad da Hanns Vischer, wanda aka fi sani da Ɗan Hausa, ya buɗe makarantarsa a Nasarawa ta Kano a 1909, da Hausa ake koyarwa. Turanci ya sami gindin zama ne a manyan makarantu irin Kwalejin Katsina, wadda ta horar da mutane kamar su Abubakar Tafawa Ɓalewa. A wancan zamani masu koyon Turanci ba su da yawa, malamansu kuma suna da sukunin bin bakin kowane ɗalibi suna gyarawa.

Al'amari ya sake a 1976, da aka ƙaddamar da shirin ba da ilmin firamare kyauta ga kowa, yara suka cika azuzuwa fiye da yadda ƙwararrun malamai za su wadatar. Manufar Ilmi ta Ƙasa ta 1977 ta tsara cewa a fara koyar da yaro da harshen uwa ko harshen da ya rinjaya a yankinsa, Turanci ya zama darasi guda, daga baya ya zama harshen koyarwa. A 2022 aka amince da manufar da ta ba harshen uwa dukan shekaru shida na firamare, sa'an nan a 2025 Gwamnatin Tarayya ta ba da sanarwar janye ta, aka mai da Turanci harshen koyarwa.

Ko wace manufa ake bi, abu guda bai sake ba. Da Turanci ake rubuta jarrabawar gama sakandare, kuma sai ɗalibi ya ci Turanci da kyakkyawan sakamako yake samun shiga jami'a. Yaron da bai kama Turanci a firamare ba, lissafi da kimiyya ma sukan kuɓuce masa, domin tambayar ce ba ya ganewa tun kafin a zo ga amsa. Icce kuwa tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Waƙa Tsohuwar Hanya Ce

Kada a ɗauka koyar da harshe da waƙa dabara ce da ta zo da boko. Shekaru aru-aru ke nan ɗaliban ilmi a zaurukan malamai suna koyon nahawun Larabci ta hanyar Alfiyya, littafin Ibn Malik wanda ya rasu a Dimashƙa a 1274. Ya tattara ƙa'idojin nahawu ya ƙulla su cikin baiti kimanin 1,000, don ɗalibi ya hardace su da rerawa. Muhimmin abin lura shi ne, malamin zaure ba ya barin ɗalibi da hadda kawai. Yakan bi baiti bayan baiti yana fassarawa da Hausa, yana kawo misalai, har ma'ana ta zauna.

Haka kuma a ƙarni na 19 Nana Asma'u, 'yar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, ta ilmantar da matan karkara ta hanyar waƙoƙi. Jajis sukan zo su koyi waƙa daga bakinta, su koma garuruwansu su koya wa 'yan'uwansu mata, waɗanda ake kira 'Yan Taru. Ba a bukatar kowace mace ta mallaki littafi, tun da waƙa tana tafiya daga baki zuwa baki.

Su kansu yara suna da makarantarsu a dandali. Yarinyar da take gaɗa ta riga ta san yadda ake bayarwa da amshi, ta san daidaita tafi da kari. Yaron da ya yi tashe a watan azumi ya iya haɗa waƙa da kwaikwayo. Saboda haka malamin da ya shigo da waƙa aji yana gini ne a kan harsashin da yara suka taho da shi daga gida.

Abin da Bincike Ya Nuna

Dalilai uku ne suke sa waƙa ta zauna a kai. Na farko kari, wanda yake yanka magana gunduwa-gunduwa yadda ƙwaƙwalwa za ta iya ɗauka. Na biyu amsa-amo, domin idan yaro ya manta kalmar ƙarshen ɗango, sautin ɗangon da ya gabata yakan tuna masa. Na uku maimaitawa. Idan malami ya ce aji su maimaita jimla sau goma, kafin a kai na biyar hankalinsu ya tafi waje, amma yaro yakan rera waƙa guda sau talatin a rana, a hanyar gida da wajen aike, ba wanda ya sa shi.

A 1983 Lynette Bradley da Peter Bryant na Jami'ar Oxford suka buga sakamakon wani bincike da suka yi a kan yara kimanin 400 'yan shekara huɗu da biyar, waɗanda ba su fara karatu ba. Sun gwada yadda kowane yaro yake gane kalmomin da sautinsu ya yi kama, sa'an nan suka bi su har shekaru. Sai aka tarar waɗanda kunnensu ya fi kama amsa-amo tun farko su ne suka fi saurin iya karatu da rubutu. Waɗannan yara dai Turanci ne harshensu na gida, amma darasin ya shafi kowa: kunne ake fara horarwa kafin ido.

A 2014 kuma Karen Ludke da abokan aikinta na Jami'ar Edinburgh suka buga wani gwaji da suka yi da manya 60, waɗanda aka koya wa jimloli na harshen ƙasar Hangari. Aka raba su kashi uku: masu maimaitawa da magana, da masu maimaitawa da kari ba rerawa, da masu rerawa. Da aka zo gwada faɗin jimlolin, masu rerawa ne suka yi fice. Gwajin gajere ne, kuma hadda ya auna. Bai nuna cewa waƙa ita kaɗai tana sa mutum ya iya hira da baƙon harshe ba.

Akwai kuma batun tsoro. Yaron da aka tsayar shi kaɗai a gaban aji yakan ji kunyar kuskure, harshensa ya ɗaure. A cikin waƙar taro muryarsa takan ɓuya cikin ta 'yan'uwansa, ya gwada ya kuskure ba wanda ya yi masa dariya, har bakinsa ya saba.

Inda Turanci Yake Ba Ɗan Bahaushe Wuya

Wahala ta farko ita ce ta sautuka. Hausa tana da wasula biyar, kowane da gajere da dogo, sai tagwaye biyu, watau ai da au. Daidaitaccen Turancin Ingila kuwa yana da sautin wasali kimanin 20. Shi ya sa kalmomi irin "cat" da "cut" da "cart" sukan fito iri ɗaya a bakin mai koyo. A wajen baƙaƙe ma haka ne. Hausa ba ta bambanta p da f, kamar yadda kalmomin aro irin su fenti da famfo da fasinja suka nuna, saboda haka "pan" da "fan" sukan rikice. Haka "vest" da "best", haka "think" da "sink". Gajeruwar waƙa da aka gina a kan irin waɗannan tagwayen kalmomi, yara suna nuna hoton kowace sa'ad da suka ambace ta, takan sa kunne ya fara jin bambancin, kuma sai kunne ya ji kafin baki ya iya.

Wahala ta biyu ita ce cunkoson baƙaƙe. Gaɓar Hausa ba ta farawa da baƙi biyu a jere, don haka Bahaushe yakan cusa wasali a tsakani. Ta haka aka sami burodi da direba da birki da firamare. Wannan daidai ne a Hausa, amma idan yaro ya kai al'adar cikin Turanci sai kalma mai gaɓa ɗaya irin "bread" ta koma mai gaɓa uku. A nan tafi yana da amfani ƙwarai. In an ce kalmar tafi ɗaya ce, yaro ba shi da wurin da zai sa ƙarin wasali, dole ya haɗe baƙaƙen don ya riski 'yan'uwansa.

Wahala ta uku ita ce mafi girma, kuma a nan ne waƙa ta fi kowace hanya. Hausa harshe ne mai karin sauti, watau hawa da saukar murya ne suke bambanta kukan da yaro yake yi da kukar da ake miya da ita, kuma kowace gaɓa tana samun haƙƙinta na tsawo ko gajarta. Turanci kuwa da dannawa yake tafiya. A kowace jimla akwai gaɓoɓin da ake dannawa da ƙarfi, sauran kuma a bi ta kansu da sauri. Alal misali a duba jimloli uku: "Goats eat grass", da "The goats are eating the grass", da "The goats have been eating the grass". Ta farko gaɓa uku ce, ta biyu bakwai, ta uku takwas, amma duka bugu uku ne, kuma Bature yakan faɗe su cikin lokaci kusan ɗaya. Da wuya a bayyana wa ɗan aji biyu wannan da baki, amma idan aka sa shi ya tafa sau uku a kan kowace jimla, jikinsa zai gane abin da bayani ya kasa. A kan wannan tushe ne Carolyn Graham, wadda ta koyar da Turanci a Jami'ar Niyok, ta gina littafinta Jazz Chants na 1978, inda ta ɗora maganar yau da kullum a kan bugu ba tare da ta sauya yadda ake faɗinta ba.

Wasanni Masu Haɗe da Waƙa

Tun cikin shekarun 1960 James Asher, wani masanin halayyar ɗan Adam a Amurka, ya nuna cewa mai koyon harshe yakan fi riƙe abin da ya aikata da jikinsa, kuma yakan fahimci umurni tun kafin ya iya faɗinsa, kamar yadda jariri yake yi. Wasannin da suka fi amfani su ne masu bin wannan ƙa'ida.

Akwai wasan umurni, inda malami yake rera umurni irin su tashi, zauna, taɓa kunne, juya hagu, duk da Turanci, yara suna aikatawa. In ya sa sharaɗin cewa ba a bin umurni sai an fara da wata kalma, dole kowa ya kasa kunne sosai. Akwai wasan da'ira, inda yara suke miƙa wa juna wani abu, kamar ƙwallo ko ludayi, suna waƙa. Da malami ya tsai da waƙar, wanda abin yake hannunsa zai faɗi sunansa da launinsa, ko ya amsa tambaya. Akwai kuma gaɗa ita kanta: a raba aji biyu, ɓangare guda yana tambaya, ɗayan yana amsawa, ana tafi. Duk waɗannan ba sa bukatar lantarki ko kayan kiɗa, kuma suna yiwuwa a ajin da yara suka yi yawa. Sai dai a kula da wasannin da ake fitar da wanda ya kuskure, domin yaron da ya fi bukatar koyo shi ne yake fara fita. Gara a ba shi wani aiki, kamar riƙe hoto, sa'an nan ya koma cikin wasa.

Yadda Ake Koyar da Waƙa a Aji

Malami zai fara da tambayar kansa abin da yake so yara su koya a wannan mako, sa'an nan ya nemi waƙar da ta ƙunshe shi. Ta zama gajeruwa, ɗango huɗu zuwa takwas, sababbin kalmominta kada su wuce biyar ko shida.

A ce darasin shi ne faɗin abin da mutum yake cikin yi. Kafin a rera kome, malami zai zo da tsintsiya da bokiti da littafi, ya sa Audu ya yi shara, Binta ta yi karatu, yana faɗin kalmomin da Turanci. In ta kama ya yi bayani da Hausa a taƙaice, ba laifi. Bayan ma'ana ta fito sai ya rera waƙar duka sau biyu yara suna sauraro, sa'an nan su bi shi ɗango bayan ɗango, kowane da motsinsa. Rabin aji su ce "What is Audu doing?", sauran su amsa "He is sweeping the floor."

Daga nan ne aikin gaske yake farawa, kuma a nan ne yawancin malamai suke tsayawa. Dole a cire waƙar a bar maganar. Malami zai yi tambayar da muryar magana, yara su amsa da muryar magana. Sa'an nan ya sauya mutum, ya sa Binta a wurin Audu, don "he" ta koma "she". Wannan ba zai ba ɗan Bahaushe wuya ba, tun da yana da "yana" da "tana" a harshensa. Sa'an nan ya sauya aiki, ya rikita jeri, ya tambayi yara ɗaya bayan ɗaya. Rubutu a allo shi ne na ƙarshe, domin rubutun Turanci sau da yawa ba ya bin furucinsa, kuma yaron da ya fara ganin kalma kafin ya ji ta zai karanta ta kamar Hausa. Ma'aunin darasi shi ne, bayan kwana uku, malami ya nuna wani yaro yana cin abinci ya tambayi abin da yake yi. Wanda ya iya amsawa ya koyi Turanci. Wanda sai an ɗauko masa waƙar daga farko, waƙa ya koya.

Abubuwan da Za A Kiyaye

Na farko, waƙoƙin yaran Ingila da yawa tsofaffi ne, an yi su ne don yaran da suka riga suka iya harshen. Wasu suna ɗauke da kalmomin da Turawan yanzu ma ba sa amfani da su, wasu suna magana a kan dusar ƙanƙara ko wata gada a Landan. Yaron Ɓatagarawa ko Gumel zai fi cin moriyar waƙar da ta ambaci akuya da rijiya da kasuwa.

Na biyu, waƙa tana iya karkatar da furuci. Shahararriyar waƙar baƙaƙen Turanci, wadda aka yi wa rajista a Amurka a 1835, tana cunkushe haruffan da ke tsakiyarta wuri guda, har yara da yawa su zaci kalma ɗaya ce. Amsa-amonta kuma ya dogara da yadda Amurkawa suke kiran harafin ƙarshe, wanda ya bambanta da na Ingila da aka gada a Nijeriya. Haka nan idan malami ya ɗora kalmomin Turanci a kan karin waƙar Hausa, wajibi ne ya tabbata bugun ya faɗa a kan gaɓar da ake dannawa. In ba haka ba, zai dasa kuskuren da zai yi wuyar cirewa, domin waƙa tana riƙe kuskure kamar yadda take riƙe daidai.

Na uku, akwai iyayen da ba sa son kiɗa a makaranta saboda dalilin addini, wasu kuma suna ganin wasa ɓata lokaci ne. Wannan ba abin rainawa ba ne. Rerawa da tafi sun wadatar, ba sai an kawo ganga ba, kalmomin kuma su zama masu tsabta. Ya kamata shugaban makaranta ya gayyaci iyaye su ga darasi da idonsu, tun da gani ya kori ji.

Nauyin da Ke Kan Hukuma

Malami ba ya ba da abin da ba shi da shi. Idan furucinsa ya karkace, na yara sittin zai karkace tare da shi. Don haka kwalejojin ilmi, da Cibiyar Malamai ta Ƙasa da aka kafa a Kaduna a 1976, su ne wuraren da ya dace a horar da malamai a kan sautukan Turanci da dannawa, da yadda ake tsara gajeruwar waƙa. Hukumomin ilmin bai-ɗaya na jihohi suna iya tattara waƙoƙin da suka dace da kowane aji, a ɗauki sautinsu da murya mai kyau, a raba wa malamai ta wayar hannu ko ta rediyo. Shi kuma jami'in duba makarantu, in ya shiga aji ya tarar ana waƙa, kada ya yi saurin yabo, kada kuma ya ɗauka hayaniya ce. Ya kira yara uku daga bayan aji, ya yi musu tambaya a kan abin da suka rera.

Kammalawa

An ga cewa waƙa tana horar da kunne, tana sassauta harshe, tana koyar da bugun Turanci, kuma hanya ce da al'umma ta daɗe da saninta. An kuma ga iyakarta, watau tana kai kalma cikin kai amma ba ta kai ma'ana sai malami ya sa hannu. Malaman zaure sun gane haka tuntuni, shi ya sa suka haɗa haddar baiti da fassararsa. Hausawa sun ce waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi. Yaro kuwa ba ya zama mai waƙa sai ya san abin da take faɗi, har ya iya ɗaukar kalmominta ya yi maganar kansa da su. Aikin malami da na hukuma shi ne su kai shi wannan matsayi tun yana ajin farko.